Yadda Ake Zuwa Kastelorizo, Tsibirin da Ke Can Ƙuryar Girka

Idan ka buɗe taswirar ƙasar Girka, sau da yawa ba za ka tarar da Kastelorizo a mazauninsa ba. Masu zanen sukan cusa shi cikin wani ɗan akwati a gefen takarda, domin ya yi nisa da sauran ƙasar har shafin ba ya ɗaukarsa. Tsakaninsa da Atens, babban birnin ƙasar, kimanin kilomita 570 ne. Tsakaninsa da Rodos, babban tsibirin Girka mafi kusa da shi, kimanin kilomita 125. Amma gaɓar Turkiyya tana gabansa, nisan da bai wuce kilomita 2 ba. Girmansa kimanin murabba'in kilomita 9 ne, mazaunansa kuwa ba su wuce ɗari biyar da ɗoriya ba. Sunansa a takardun hukuma Megisti, wato "mafi girma", saboda shi ne babba a cikin 'yan tsibiran da ke kewaye da shi. Ka riƙe wannan suna na biyu, za ka gan shi a jikin tikiti da allon tasha.

Abin da na fi so ka ɗauka daga wannan jagora shi ne: irin wannan tafiya daga ƙarshenta ake fara lissafinta. Mu da muka saba da tasha, in mota ta tashi wata na lodi, mukan sayi tikitin babban jirgi tukuna, sauran hanya mu ce Allah Ya kai mu. A nan ba haka ba ne. Jirgin da ke shiga tsibirin ba kullum yake zuwa ba, kuma iska da teku ke da ta cewa a kan ko zai zo.

Mataki na farko: nemo ranakun shiga da fita

Kafin ka taɓa kuɗin tikitin Abuja ko Kano, zauna ka duba ranakun da ake shiga Kastelorizo daga Rodos da ranakun da ake fitowa. Hanya biyu ce. Akwai ƙaramin jirgin sama mai farfela na kamfanin Olympic Air, wanda tafiyarsa ba ta kai awa ɗaya ba. Akwai kuma jiragen ruwa: manya irin na Blue Star Ferries, masu ɗaukar motoci da kaya, da suke cin awa uku zuwa huɗu daga Rodos, da kuma mai gudu na Dodekanisos Seaways wanda ya fi su sauri amma ya fi yin aiki a lokacin zafi. Shafukan Ferryhopper da Openseas suna nuna jadawalin kamfanoni daban-daban a wuri ɗaya, sai dai in ka ga abin da ya yi maka, ka sake tabbatarwa a shafin kamfanin da kansa.

Wani abin da ke rikita baƙo shi ne, kamfanonin jiragen ruwan Girka ba sa fitar da jadawalin bazara da wuri. Kana iya dubawa a watan Janairu ka ga babu komai a watan Yuni, ka ɗauka an daina zuwa. Ba a daina ba, ba a saka ba ne tukuna. Ka duba ranakun makon da jirgin yake zuwa a halin yanzu, ka yi ƙiyasi da su, ka riƙa leƙawa duk mako.

Da ka sami ranar fitowa daga tsibirin, ka ƙara mata kwana biyu cur kafin ranar da babban jirginka zai tashi daga Atens zuwa gida. Ka yi su a Rodos ko a Atens. Na san mutum zai ga kamar asarar kuɗin masauki ce. Ni ma da na je, a ƙarshen watan Satumba, na ware kwanakin ne ina jin zafinsu. Ranar da zan fito, tun asuba iska take kaɗa ƙofofin tagogin katako, jiragen masunta suna ta gogar juna a bakin ruwa. Na ja jakata zuwa tasha, na tarar an manna wata takarda a gilashin ofishin tikiti, mutanen gari suna karantawa suna juyawa gida ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Hukumar tashar ta hana jirage tashi. Sai da na ƙara kwana biyu a tsibirin. Wani saurayi da budurwarsa da muka tsaya tare a gaban takardar nan, jirginsu na komawa ƙasarsu washegari ne daga Atens. Na ga yadda fuskar yarinyar ta canza. Ni kuwa kwanakin nan biyu da nake ƙyashi su suka cece ni.

Wannan hani Girkawa suna kiransa "apagoreftiko", kuma yakan zo ne idan iska ta kai mataki na 8 ko 9 a ma'aunin ƙarfin iska na Bofot. Idan an soke tafiya ko an yi jinkirin da ya wuce minti 90, dokar Tarayyar Turai ta ba ka zaɓi tsakanin a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgin. Amma idan yanayi ne sanadi, kuɗin kwananka yana wuyanka. Kamfanin babban jirgin sama kuwa babu ruwansa, tunda tikitin daban ka saya.

Wane wata ya fi?

Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba. A Yuli da Agusta ne iskar arewa da suke kira "meltemi" take kaɗawa a tekun Ejiyan, kuma a lokacin ne masauki yake tsada da wuya. Makon 15 ga Agusta babban bikin addini ne a Girka, kowa yana komawa garinsu, jirage suna cika maƙil. Ranar 1 ga Mayu kuma ma'aikatan jiragen ruwa sun saba shiga yajin aiki, kada ka sa tafiyar ruwa a ranar. Da hunturu jirage suna raguwa, gidajen baƙi da na abinci da yawa suna rufewa.

Mataki na biyu: biza

Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar Shengen ta gajeren zama za ka nema, wadda ke ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Girka tana da ofishin jakadanci a Abuja. Wanda yake ƙasar da babu ofishinsu, sai ya binciki wace ƙasar Turai ce ke karɓar takardu a madadinsu. Kuɗin biza ga babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu in akwai. Ana iya shigar da buƙata tun saura wata shida a yi tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, saboda haka kada ka bari sai ƙurarren lokaci.

Fasfonka ya kasance yana da aƙalla wata uku a gaba bayan ranar da za ka bar yankin, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, da bayanan asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da takardun masauki, da tsarin tafiya. A kan inshorar nan, kada ka saye ta don cika sharaɗi kawai. Ka karanta ka ga ko ta haɗa da ɗaukar marar lafiya zuwa wani asibiti, domin a tsibirin ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne kawai, duk abin da ya yi tsanani sai an kai mutum Rodos.

A tsarin tafiyar ka rubuta komai dalla-dalla: kwana kaza a Atens, kaza a Rodos, kaza a Kastelorizo, kowane dare da inda za ka kwana. Kuma ka lura da abin da aka buga maka a jikin bizar, ko shiga ɗaya ce ko shiga da yawa. Zan dawo kan dalilin.

Mataki na uku: daga gida zuwa Atens

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Atens. Dole a ya da zango, ko a Istanbul, ko Alƙahira, ko Doha, ko Adis Ababa. Ka sayi tikiti ɗaya da ya haɗa zangon biyu domin kayanka su wuce ba sai ka karɓe su a tsakiya ba. A lokacin zafi agogon Girka yana gaban namu da awa biyu, da hunturu awa ɗaya.

Batun kaya: ka rage. Babbar akwatin nan ta zuwa Umara ba ta dace da wannan hanya ba. Ƙaramin jirgin saman yana da tsanani kan nauyi, jirgin ruwa kuma kai za ka ja kayanka ka hau da su, a tsibirin ma gidaje da yawa sai an taka matakala. Jaka ɗaya matsakaiciya da ta goyo sun isa.

Mataki na huɗu: ta sama zuwa Rodos, ko ta ruwa daga Pireyas

Daga filin jirgin saman Atens zuwa Rodos awa ɗaya ce, kuma jirage suna tashi sau da dama a rana. Wannan ce hanya mai sauƙi, ita nake ba mai iyali shawara ya bi. In ka haɗa Atens, Rodos da Kastelorizo a tikiti ɗaya na Aegean da Olympic Air, waɗanda gida ɗaya ne, idan na farko ya makara su za su san yadda za su yi da kai.

Ɗaya hanyar ita ce ka shiga babban jirgin ruwa tun daga Pireyas, tashar jiragen ruwan Atens, ya kai ka har Kastelorizo. Galibi sau biyu yake zuwa a mako, kuma tafiyar tana cin kusan yini da kwana, yana tsayawa a tsibirai irin su Kalimnos, Kos, Nisiros, Tilos, Simi da Rodos. Daga filin jirgi zuwa Pireyas akwai jirgin ƙasa na layi na 3, wanda aka ƙarasa har tashar a 2022, tafiyar kimanin awa ɗaya. Akwai kuma bas mai lamba X96 da ke aiki dare da rana. Pireyas gari ce guda, ƙofofinta suna da lambobi, kuma jiragen wannan yanki daga ƙofar E1 suke tashi, wadda take can ƙarshe. Da ƙafa da kaya tafiya ce mai wahala. Akwai bas ta kyauta a cikin tashar, ka nemi ta. Ka isa aƙalla awa ɗaya kafin lokaci.

Tikitin jirgin ruwa hawa-hawa ne. Mafi araha ba shi da kujera takamaimai, duk inda ka samu a zaure ko a waje nan ne naka. Sai kujera mai lamba irin ta jirgin sama. Sai ɗakin kwana mai gado da banɗaki. A tafiyar awa huɗu, mafi arahar ya wadatar. A ta kwana kuwa, in da hali ka kama ɗaki. Za ka sami inda za ka yi alwala a natse, ka shimfiɗa darduma, maiɗakinka ta sake. In gado ɗaya ka saya a ɗakin haɗaka, maza daban ake sa su, mata daban.

Shiga jirgin yana da nasa tsari. Ta baya ake shiga, ta wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ake saukewa, mutane da manyan motoci kusan lokaci ɗaya, ma'aikata suna busa usur suna ɗaga hannu. Babbar jaka a ƙasa ake barinta, a kan kantocin da aka rubuta sunan kowane tsibiri. Fasfo, kuɗi, magani, caja da rigar sanyi su bi ka sama, domin ba a barin kowa ya sauka wurin kaya idan jirgi yana tafiya, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki kamar ba a biyan kuɗin wuta. Mai saurin jiri ya sha maganin tashin zuciya kafin a tashi, ba sai abin ya fara ba, ya zauna a tsakiyar jirgi, ya riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Manyan jirage sun fi masu gudun nan natsuwa a kan igiyar ruwa.

A ƙananan tashoshi jirgin ba ya daɗewa. Da ka ji an ambaci tsibirinka a lasifika, ka sauka ka tsaya kusa da jakarka tun kafin a buɗe ƙofa.

Mataki na biyar: dare ɗaya a Rodos

Ko da jadawali ya nuna za ka iya sauka ka wuce a rana ɗaya, kwana a Rodos ya fi kwanciyar hankali. Filin jirginta yana kimanin kilomita 14 daga gari, akwai bas da tasi. Tsohon garin yana cikin ganuwa, kuma a cikinsa akwai masallatai na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Na Ibrahim Fasha, wanda aka gina a ƙarni na 16, shi ne Musulmin garin suke salla a ciki har yanzu.

Ka kula sosai da wannan: Rodos tana da tashoshin ruwa fiye da ɗaya. Manyan jirage a Akandiya suke tsayawa, masu gudu kuma a Kolona, kusa da ganuwa. Ka duba tikitinka ka ga wacce ce, ka je ka gan ta da idonka tun da yamma. A nan kuma za ka ciri kuɗi, ka sayi duk maganin da kake sha kullum.

Idan ta sama za ka ƙarasa, ka sani filin jirgin Kastelorizo a kan tudu yake, titinsa bai wuce kimanin mita 800 ba, shi ya sa iska kaɗan takan hana sauka. Kujerun jirgin kuma ba su da yawa, a kama da wuri. Ni dai ra'ayina, ka shiga ta ruwa ka fito ta duk wadda ta samu. Shiga ta ruwa ita ce ganin garin na gaskiya: jirgi ya karya kwana, sai ga gidaje masu hawa biyu da uku sun jeru a bakin ruwa kamar an zana, wannan ja, wannan shuɗi, wannan ruwan ƙwai, a hagunka kuma hasumiyar wani tsohon masallaci mai jar ƙubba, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Zama a tsibirin

Ka kama masauki tun kana gida, ka sanar da mai gidan jirgin da za ka biyo. Da yawansu sukan zo tarbar baƙo a tasha. Ka tambaye shi tun farko yadda za a yi idan iska ta hana ka isowa ko ta hana ka fita. Sun saba da tambayar.

Ka riƙe tsabar yuro da za ta ishe ka kwana uku ko huɗu fiye da shirinka. Wurare da yawa suna karɓar kati, amma katinmu na gida yana da halinsa, kuma a ƙaramin tsibiri in na'urar cire kuɗi ta tsaya babu wata a layi na gaba. Ruwan sha na gora ake saya. Ruwa abu ne mai daraja a can, kada ka sake famfo yana zuba.

Wayarka za ta iya kama layin Turkiyya ba ka sani ba. In ka sayi layin Girka ko na wata ƙasar Turai, sauƙin kuɗin da ake samu a cikin Tarayyar bai shafi Turkiyya ba, kuɗinka zai zube cikin ɗan lokaci. Ka shiga saitin waya ka zaɓi kamfanin Girka da hannunka. Da hunturu ma agogon Turkiyya yana gaban na Girka da awa ɗaya, waya tana iya sauya maka lokaci. Akwai sojoji a tsibirin saboda kan iyaka ne. Kada ka ɗauki hoton sansaninsu ko jiragensu, kuma ka riƙa yawo da fasfonka.

Abinci ba zai gagare ka ba in ka san kalmomi kaɗan. "Hirino" naman alade ne, kuma shi ne ya fi yawa a tsiren da suke kira "suflaki" da naman da ake yankawa a jikin ƙarfe mai juyawa. "Psari" kifi, "krasi" giyar inabi, wadda wani lokaci ake zubawa a miya, don haka ka tambaya. Kifi gasasshe, wake, ganye, burodi, zaitun da cuku suna ko'ina. Suna da wani ƙosai na wake mai suna "rebitokeftedes", da albasa da ake cusa wa shinkafa, da wani abin zaƙi na garin da ake kira "katumari". Ka ce "kalimera" da safe, ka ce "efharisto" in an yi maka abu, za ka ga fuska ta sake. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu, ba gabas ɗin da muka saba ba.

Garin da kake gani ragowar wani babba ne. A farkon ƙarni na 20 mutanensa sun doshi dubu goma, masu jiragen fatauci. Girgizar ƙasa ta 1926, da ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, da gobarar 1944 suka tarwatsa shi, da yawa daga cikin mutanen suka yi ƙaura zuwa Ostareliya. Sai a 1948 tsibirin ya zama ɓangaren Girka a hukumance. Shi ya sa in ka bar layin gaba ka shiga lungu, za ka ga kangaye da itacen ɓaure ya tsiro a tsakar ɗakunansu. Sama da masallacin akwai kufan ganuwar mayaƙan da suka mulki Rodos, a ƙasanta kuma wani kabari da aka sassaƙa a jikin dutse tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan gari akwai matakala kimanin 400 da ke hawa dutsen. Ka hau bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi.

Babu bakin teku mai yashi. Daga gefen titi ake sauka ruwa ta tsani, kuma manyan kunkurun teku sukan shigo har gaban masu cin abinci. Shuɗin Kogo kuwa, wani kogo a gaɓar tsibirin da ruwan teku ke shiga, zuwansa sai da ƙaramin kwalekwale mai inji, da sassafe, ranar da teku ta kwanta. Bakinsa gajere ne ƙwarai, sai kowa ya kwanta a cikin kwalekwalen kafin a shige, a ciki kuma hasken da ke ratsowa ta ƙarƙashin ruwa yana mayar da komai shuɗi kamar an zuba baba a marina. Ka je a ranar farko da aka ce ruwa ya yi kyau, kada ka ajiye shi sai ranar ƙarshe. Wanda bai iya ruwa ba ya nemi rigar kariya kafin a tashi.

Tarkon Kash

Daga bakin ruwa kana hango garin Kash na Turkiyya, kuma akwai ƙananan jiragen da ke kai mutane cikin kimanin minti 20. Za ka ga Turawa suna zuwa cin kasuwa suna dawowa da yamma, ranka ya biya. Su fasfonsu daban ne. Da ka taka jirgin nan ka fita daga yankin Shengen. In bizarka ta shiga ɗaya ce, ta mutu ke nan, ba za a bar ka ka dawo ba, ga kayanka a masauki, ga tikitinka a Atens. Ita ma Turkiyya tana da tata bizar da za ta nema a wurinka. In ba ka da biza mai shiga da yawa da kuma izinin Turkiyya a hannu, ka tsaya a kallo daga nesa.

Ranar fitowa

Tun saura kwana biyu ka fara bibiyar hasashen iska, ka kuma riƙa leƙa ofishin tikiti da ke bakin ruwa, domin su sukan ji labari kafin ya hau intanet. In ka ji ana cewa iska na tafe ranar tafiyarka, kuma akwai jirgi yau ko gobe, na sama ko na ruwa, ka canza tikiti ka bi shi, ko da zai rage maka dare ɗaya. Babban jirgin da ke zuwa daga Pireyas yakan makara saboda yawan tsayawa, amma da ya sauke ya ɗauka juyawa yake yi. Ka biya mai masauki tun dare, ka ɗaure kaya, ka kasance a tasha da jakarka kafin ya shigo.